Sabuwar shekara a ƙasar mutane: da me kuke auna shekarar da ta wuce?

31 ga Disamba, 2024

Ɗan_Garwa_Lyon:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena da ke wannan zaure. Ina da tambaya biyu ga 'yan'uwanmu na arewacin Kamaru da Chadi da ke zaune a ƙasashen waje, kuma ina roƙon na gida su ma su sa baki. Ta farko, yaya kuke yi da daren nan na ƙarshen Disamba a inda kuke, alhali kowa a kewaye da ku yana biki, an rufe wuraren aiki, kuma babu dangi a kusa? Ta biyu, wadda ta fi damuna, ita ce: idan mutum ya zauna lissafin shekarar da ya yi a ƙasar mutane, da me zai auna har ya ce ta yi albarka ko ba ta yi ba?

Ni ɗalibi ne, kuma dokar Faransa ba ta yarda ɗalibi baƙo ya yi aikin da ya wuce sa'a 964 a shekara ba, saboda haka abin da nake samu bai wuce na haya da abinci da ɗan abin da nake tura wa mahaifiyata ba. Na ci jarrabawa, an sabunta mini takardar zama, lafiyata lau, alhamdu lillahi. Amma a shekarar nan baffana da ya riƙe ni ya rasu, ta waya na yi gaisuwa, aka kuma aurar da ƙanwata, a hoto na ga taron. Idan na ɗora waɗannan a gefe guda, waɗancan a ɗaya gefen, na kan rasa wanda ya rinjaya.

Alhaji_Libreville:
Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan baffanka, ya sa ya huta, ya ba da zaman lafiya ga amarya. Ni mutumin Ngaundere ne, na daɗe ina sayar da atamfa da takalma a Gabon. A wurinmu 'yan kasuwa makon nan ba na hutu ba ne, domin cinikin da ake yi daga tsakiyar Disamba zuwa daren yau ya kan fi na wata biyu, tunda mutanen nan ba sa shiga sabuwar shekara da tsohuwar sutura. Idan na rufe shago, sai in yi sallar isha'i in kwanta, da safe kuma in kira yaran shago mu ƙidaya kaya ɗaya bayan ɗaya.

Ma'aunina littafi ne. Ina duba uwar kuɗi ko tana nan, ina duba wanda nake bi da wanda yake bi na, kuma shekarar da na fita daga cikinta ba tare da haƙƙin kowa a wuyana ba, ita nake kira mai albarka ko da ribar ba ta taka kara ta karya ba. Kai kuwa jarinka karatu ne, kuma ka ce ka ci jarrabawa. To, uwar kuɗinka tana nan.

Malam_Marwa:
Ina so in raba maganar gida biyu, don kada a cakuɗa. Game da biki, Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya iske mutanen Madina da ranaku biyu na wasa, ya shaida musu cewa Allah ya musanya musu da waɗanda suka fi su, wato ƙaramar salla da babbar salla. A kan wannan ne malamai da yawa suka dogara suka ce Musulmi ba shi da wani idi bayan waɗannan, kuma ni ma a nan nake. Kalandar da ake ƙarewa yau, Fafaroma Gregory na 13 ne ya gyara ta a 1582, tamu kuwa Sayyidina Umar ne ya kafa ta daga hijira, kuma shekarar 1446 ta shigo tun watan Yuli.

Game da lissafin kai kuwa, wannan abin so ne a kowane dare. An ruwaito daga Umar ɗin nan cewa ku yi wa kanku hisabi kafin a yi muku, kuma aya ta 18 a Suratul Hashri ta umarci kowace rai ta dubi abin da ta gabatar domin gobe. Sai dai ina tunatar da Alhaji da sauran 'yan kasuwa cewa shekarar zakka ta wata ce, kwana 354, ta gaza ta rana da kusan kwana 11. Wanda ya ɗaure zakkarsa da ƙidayar kayan Janairu, kowace shekara yana jinkirta haƙƙin talaka ne ba tare da ya lura ba. Bisa kalandar Saudiyya, gobe 1 ga Rajab, wato saura wata biyu azumi, kuma wannan ne lissafin da ya kamata ya fi tsaya mana a rai a daren nan.

Alhaji_Libreville:
Allah ya gafarta Malam, zakkata a Sha'aban nake fitarwa tun zamanin mahaifina. Ƙidayar Janairu ta masu haraji ce da ta sanin inda aka kwana. Amma tunatarwar ta yi amfani, domin na san waɗanda suka haɗe biyun.

'Yar_Kusuri_Montreal:
Malam, ina girmama maganarka, kuma ba na jayayya da hadisi. Amma ina roƙo a dubi halin wanda yake zaune a inda rana take faɗuwa tun kafin ƙarfe 5 na yamma, ƙanƙara ta rufe ƙofa, kuma hutun da yake samu a shekara shi ne wanda ƙasar ta ba kowa. Ranar salla da ta wuce a wurin aiki na yi ta, ina kula da tsofaffi, domin ba ranar hutu ba ce a nan. Ranar da za mu iya haɗuwa mu matan Kamaru da Chadi da Nijar ita ce irin ta gobe. Za mu tuƙa tuwo da miyar kuka, mu dafa shayi, yaranmu su ji Hausa daga bakin wasu ba iyayensu kaɗai ba. Ba mu ɗauke shi idi ba, zumunci ne a ranar da aka samu sarari.

Ƙanena na Lyon, idan ƙarfe 12 na dare ya yi a Kusuri, mu nan ƙarfe 6 na yamma ne, saboda haka na kan kira gida kafin su kwanta. Shawarata ita ce kada ka kwana kai kaɗai a ɗaki kana lissafi, domin lissafin da aka yi cikin kaɗaici ba ya fita daidai, asarar ce kawai take girma a idon mutum. Ni a bana abin da ya fi yi mini nauyi shi ne ƙanena da na so in kawo karatu, sai daga 1 ga Janairun 2024 Kanada ta ɗaga kuɗin da ɗalibi zai nuna yana da shi daga dala 10,000 zuwa 20,635, ban da kuɗin makaranta. Dole muka ajiye maganar.

Manomin_Yagwa:
Tunda an ce na gida su sa baki, bari in ba ku lissafin tamu shekarar. Daga Agusta zuwa Satumba ruwa ya yi mana yawa, kogin Logone ya tumbatsa, gadar cikin garin Yagwa ta karye, mutane suka koma shiga kwale-kwale daga unguwa zuwa unguwa. Shinkafata da ta fara ciki ruwa ya shanye ta, rumbun dawar bara ya zauna, ɗaki biyu suka rushe. Mutanen Maga da na Kusuri sun san sauran labarin, haka 'yan'uwanmu na Maiduguri da madatsar Alau ta ɓalle musu a watan Satumba.

Abin da nake so ɗan Garwa ya ji shi ne wannan. Kuɗin da na biya masu dashen masakwa, wato dawar rani, bayan ruwa ya janye, ɗan yayata ne ya turo daga Faransa, yuro 100 ne, suka zama sefa 65,000 da 'yan kai. A wurinsa wataƙila yana jin kunyar ƙanƙantarsu, a wurina kuwa su ne abincin gidana daga Fabrairu idan Allah ya kai mu girbi. Saboda haka kada ka raina abin da kake tura wa mahaifiyarka. Mu manoma shekararmu ba ta ƙarewa a Disamba, sai masakwa ta shiga rumbu sannan mu san abin da ta haifar.

Inna_Njamena:
Ni roƙona ga masu harbin bindiga da ƙarfe 12 ne. Kowace shekara a garin nan ana ja musu kunne, kowace shekara kuma sai an ji, harsashin da aka harba sama kuwa a kan rufin wani ko a kan ɗan wani yake sauka. Tun daren 18 ga Yuni da ma'ajiyar makamai ta Goudji ta yi bindiga, jikokina ba sa iya jin ƙara, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai su ruga ƙarƙashin gado. Bayan wannan ga ruwa, kogin Shari ya haura mita 8, samari suka kwana suna jera buhunan yashi, 'yan'uwana na unguwar Walia suka dawo gidana da tabarminsu. A faɗin Chadi mutum fiye da 500 ambaliyar ta kashe, ta shafi kusan miliyan 2. Ban ga abin harba bindiga a wannan shekara ba. Yaran da za su zo gobe da safe suna bonane, wato gaisuwar sabuwar shekara, su kam zan ba su alewa kamar kullum, domin 'ya'yan maƙwabta ne.

1 ga Janairu, 2025

Injiniya_Hamburg:
Inna, ƙarar da kika ce, mu ma ba mu tsira ba. A Jamus kwana uku kawai a ƙarshen shekara ake yarda a sayar wa jama'a manyan kayan wasan wuta, don haka kowa yana saye ya tara, daren jiya kuma aka ƙone su gaba ɗaya, har hayaƙi ya rufe titi. Da safen nan labarai sun ce mutum 5 suka mutu a ƙasar ta dalilinsu. Maƙwabcina ɗan Siriya ne, shi da iyalinsa a ɗakina suka zauna muka rufe tagogi, domin ƙarar tana tuna musu abin da suka gudo daga gare shi. Game da ma'auni, nawa shi ne harshe da sana'a: abin da na iya yi da hannuna bana wanda ban iya ba bara, wanda zan iya komawa da shi Marwa ya amfani wani.

Maƙwabcinku_Kaele:
Barkanmu da ganin sabuwar shekara. Ni Kirista ne, a cikin Hausawa na girma a Garwa, yanzu ina aikin gini a Duwala, wadda ba ƙasar waje ba ce amma ɗan arewa ya san baƙunci ne. Ina so 'yan'uwa su sani cewa a wurin yawancinmu daren jiya ba na giya da rawa ba ne. A coci muka kwana, ana addu'a, ana ambaton waɗanda suka rasu a shekara da sunayensu, ana roƙon gafara tsakanin waɗanda suka yi faɗa. Fastonmu ya ce kada wanda ya tsallaka da gaba a zuciyarsa, ni ma na kira wani da muka daɗe ba ma magana. Ashe abin da Malam ya kira hisabi muna da irinsa.

Malam_Marwa:
Na gode da wannan bayani, maƙwabci, kuma Allah ya zaunar da mu lafiya. Ga 'yarmu ta Montreal, ban ce haɗuwa a ci tuwo a ranar hutu laifi ba ne, sada zumunci ibada ce a kowace rana. Abin da na ja hankali a kai shi ne a ɗauki daren da wata daraja ta addini, ko a bi mutane zuwa inda ake saɓo don gudun kaɗaici. Niyya ce take raba su, kuma kin faɗi taki.

MaiBabur_Marwa:
Ku yi mini haƙuri, iyaye, zan faɗi abin da ba a faɗa ba. Tun daren jiya wayata cike take da hotunan 'yan'uwanmu a gindin dogon benen Dubai da kan babban titin Paris, da manyan riguna, wuta tana tashi a bayansu. Babu wanda ya sa hoton ɗakin da suke kwana su shida, ko na layin da suke bi tun asuba don takarda. Mu kuma a nan, tun Fabrairu litar fetur a gidan mai ta tashi daga sefa 730 zuwa 840, na Najeriya da muke dogaro da shi ya yi tsada tun da aka cire tallafi a 2023, sai yaro ya wuni a kan babur bai haɗa kuɗin mai babur ba. Idan ya ga hoton nan da dare, me kuke zato zai yi? Abokaina biyu sun sayar da baburansu sun bi ta Agadas, ɗaya yana Libiya yana neman a turo masa kuɗin dawowa, ɗayan tun damina ba a ji ɗuriyarsa ba. Mutum fiye da 2,000 suka mutu ko suka ɓata a tekun Bahar Rum a shekarar da ta ƙare.

Saboda haka idan kuna lissafin shekara, ku sa wannan a ciki: gaskiya nawa kuka faɗa wa ƙannenku game da zaman da kuke yi? Ɗan Garwa ya burge ni domin ya faɗi tasa ba ƙari.

Injiniya_Hamburg:
Maganarka tana da nauyi, kuma ban musa ba. Sai dai ka sani da yawa suna sa hoton nan ne don hankalin uwa ya kwanta, ba don alfahari ba. Wanda ya gaya wa tsohuwa cewa bai ci abincin kirki ba tun jiya, ya hana ta barci ne kawai, ba abin da za ta iya yi masa.

MaiBabur_Marwa:
To, a tura wa uwa ita kaɗai, a kira ƙane a gefe a gaya masa gaskiya. Ba sai duniya ta gani ba.

Jikan_Fatake:
Iyayenmu sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ni ina ganin amsar tambaya ta biyu ke nan, duk shekarar da aka yi a waje akwai abin da ta ci wanda kuɗi ba sa mayarwa. Af, kuma kada a manta yau ranar ƙasa ce a Kamaru.

MalaminTarihi_Ngaundere:
Gyara kaɗan, ɗan'uwa. Ranar ƙasa 20 ga Mayu ce, tunawa da ƙuri'ar raba gardama ta 1972 da ta mayar da tarayya ƙasa ɗaya. Abin da ya faru a 1 ga Janairun 1960 shi ne samun 'yancin ɓangaren da Faransa ta riƙe, kuma wanda ya yi shelar ɗan Garwa ne, Ahmadu Ahijo. Ga abin da ya sa na kawo shi cikin wannan muhawara: mutumin da ya buɗe wa ƙasar sabuwar shekararta ta farko, ya sauka daga mulki a 1982, ya ƙare rayuwarsa a ƙasar mutane, ya rasu a Dakar ranar 30 ga Nuwamban 1989, kuma a can kabarinsa yake. Baƙunci ba ya duba girman mutum.

Karin maganar da ka kawo kuwa, ban yarda a ɗauke ta hukunci a kan kowa ba. Mu Hausawan Ngaundere da Garwa da Banyo da Njamena, su wa suka haife mu in ba waɗanda suka bar gida ba? Fataken goro da na hauren giwa ne, da malamai, da maniyyata da suka kama hanyar gabas a ƙasa. Unguwar Briketiri a Yawunde haka ta kafu. Da kakanninmu sun auna shekarunsu da jana'izar da ba su halarta a Kano da Katsina ba, da babu ɗayansu da zai ce ya ci riba, amma ga mu nan muna magana da harshensu.

Ɗan_Abeshe:
Malamin tarihi ya ambaci hanyar gabas, ni kuwa a kanta nake zaune. Bayan yaƙin Burmi a 1903 da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, jama'arsa suka ratsa ƙasar nan, ɗansa Muhammadu Bello ya kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu a Sudan, kuma shekaru da yawa maniyyata suna bi ta garinmu zuwa Jinena. Yau hanyar ta juyo. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, mutum fiye da 700,000 suka tsallako Chadi, yawancinsu ta garin Adre na kan iyaka, kuma mafi yawa mata ne da yara. Yau ce ma ranar 'yancin Sudan, 1 ga Janairun 1956, ga su suna ganin ta a cikin tanti, cikin sanyin hunturu.

Na kawo wannan ba don in raina damuwar ɗan Garwa ba. Ina so ne a tuna cewa zaman waje iri biyu ne, akwai wanda ya tafi da ƙafarsa yana da gidan komawa, akwai wanda aka kora. Na farkon, duk tsananin da yake ciki, ya sa wannan ni'ima a sahun gaba na lissafinsa.

Ɗankasuwa_Guangzhou:
Mu nan mun riga ku da sa'a 7, kuma ranar ba ta da wani armashi, hutun kwana ɗaya ne. Babbar sabuwar shekararsu bana 29 ga Janairu ce, masana'antu suna rufewa makonni, ma'aikata su koma garuruwansu. Duk wanda yake son kayan salla su iso Duwala kafin azumi ya ƙare, to a kwanakin nan zai gama loda kwantena, in ba haka ba ya yi latti. Abin da ya burge ni a wurinsu shi ne ƙoƙarin biyan bashi kafin shekararsu ta shigo, kamar yadda Alhaji ya faɗa, da kuma yadda talakansu zai yi kwana a jirgin ƙasa don kawai ya ci abinci da iyayensa. Mu kuwa sai mu shekara uku muna cewa sai kuɗi sun taru.

Hajiya_Jidda:
Ko a nan Saudiyya tun 2016 albashin ma'aikatan gwamnati ya koma bin kalandar Miladiyya, saboda haka ba wanda ya kuɓuta daga lissafi biyu. Ni kewar da nake yi ba ta Janairu ba ce, ta watan cika-ciki ce. A gidanmu a Garwa, Inna ta kan adana jelar ragon layya har Muharram, a dafa ta da dare, a ce kowa ya ci ya ƙoshi, a aika wa maƙwabta da kwano, abokan wasa kuma su bi juna da neman kuɗin shara. 'Ya'yana da aka haifa a nan ba su san wannan ba, kuma idan na yi lissafi shi ne asarar da take ci mini rai, ba kuɗi ba. Bana kuma mun ga abin da ba za mu manta ba a aikin hajji, zafi ya haura digiri 50, hukuma ta ce mutum 1,301 suka rasu, akasarinsu waɗanda suka shigo ba da izinin hajji ba. Allah ya karɓi shahadarsu. Ina roƙon 'yan'uwa masu niyya su bi ta hanyar hukuma ko da za a jira.

Uwargida_Gidar:
Kowa ya faɗi ma'auninsa, ban ji wanda ya tambayi matan da aka bari ba. Maigidana yana Malabo yana aiki, kuma ba ya fashin turo kuɗi, Allah ya saka masa. Amma ni ce na kai yaro asibiti da tsakar dare lokacin zazzaɓin damina, ni ce nake tsayawa gaban malamin makaranta, ni ce nake amsa tambayar autana da yake kiran kowane baƙo baba. Alhaji, littafinka bai da shafin wannan. Ina roƙon mazan da ke waje, idan sun zauna lissafi su kira matansu su yi shi tare, su kuma sa ranar dawowa a ciki ko da ta yi nisa, domin jiran da aka san iyakarsa ya fi sauƙin ɗauka.

Alhaji_Libreville:
'Yata, kin yi gaskiya, shi ya sa da na samu hali na ɗauko iyalina. Wanda bai samu ba, ya cire kuɗin motar zuwa gida daga cikin jari tun farkon shekara, kamar yadda yake ware haya, kada ya jira rarar riba.

Ɗan_Garwa_Lyon:
Na karanta duka, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bi shawarar Yaya ta Montreal, na je wurin wasu 'yan Chadi muka yi sallar isha'i tare muka ci abinci. Maganar Baba na Yagwa ta sanyaya mini zuciya, ta Hajiya da ta Uwargida kuma ta tayar mini da wata tambayar, domin na lura waɗanda suka ce shekara ta yi kyau suna auna abin da ya shigo hannu ne, waɗanda suka ce da saura kuma suna auna abin da ya wuce su a gida. Har yanzu ban ga yadda za a haɗa biyun a ma'auni ɗaya ba. Malam, shin addu'a da sadakar da zan yi wa baffana daga nan sun isa su tsaya a madadin rashin halartata?

Malam_Marwa:
Ɗana, jana'iza farilla ce da idan wasu suka yi ta faɗi a kan saura, saboda haka babu laifi a kanka. Addu'a da sadaka suna isa ga mamaci daga ko'ina aka yi su. Abin da ya rage maka shi ne 'ya'yansa da matarsa, ka riƙa kiransu, ka tambayi ko ya bar bashi, kuma idan ka dawo ka fara da gidansa kafin ka sauka ko'ina.

Jikan_Fatake:
Ni dai ina nan a kan bakana. Malamin tarihi ya ce kakanninmu sun kafa garuruwa, gaskiya ne, amma ba su koma ba, kuma danginsu na can ba mu san ko ɗaya ba a yau. Wannan ma sai a sa shi a lissafi.

'Yar_Kusuri_Montreal:
Baba na Yagwa, matan da muka haɗu yau sun ji labarinka, sun ce a tambaye ka. Cikin maƙwabtanka akwai waɗanda ba su samu yin dashen masakwa ba, kuma me suka fi bukata yanzu, hatsi ko irin shinkafa na noman rani? Muna so mu haɗa abin da ya sawwaƙa kafin azumi.

Manomin_Yagwa:
Akwai su da yawa, 'yata, musamman zawarawa da tsofaffin da gonakinsu suke kusa da kogi. Hatsi ya fi gaggawa, domin wanda bai ci ba ba zai iya shiga fadama ba, iri kuma ya biyo baya. Ranar kasuwa zan tambayo kuɗin buhun dawa, in zauna da liman da mai unguwa mu rubuta gidajen, sai in turo miki ta akwatin sirri ku duba abin da za ku iya.